Gyartai da Tagar Hauren Giwa

Ranar wata Laraba da hantsi, Nomau gyartai ya zura guga a tsohuwar rijiyar Tudun Maje, ya jawo, sai ga saniya a ciki.

Ba babba ba ce. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Da hauren giwa aka sassaƙa ta, ta waiwayo da wuya tana lasar ɗan maraƙin da ke shan nononta, tsagewa kuma ta ratsa ta tun daga ƙaho har kofato. Nomau na cikin bin tsagewar da farce, irin yadda masu sana'arsa ke yi ko ba a sa su ba, sai saniyar ta daina lasar ɗanta ta ɗago kai.

Ta ce, "Kai ne mai ɗinke abin da ya fashe?"

Da wani ne da ya yar ya sheƙa. Gwiwoyin Nomau sun daɗe da daina irin wannan hidima, don haka ya tsaya, aka ɗauka jarumta ce.

Ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe. Amma ƙwarya nake ɗinkewa. Ita ma tun da roba ta shigo gari, sai in kwana uku ina shelar gyara ba mai amsawa sai karnuka."

"Uwargijiyata, Mai Gadon Kalhu, tana kiranka. Idan ka yi mata aiki, za ta nuna maka fuskar da ka rasa."

Wannan magana bai taɓa fitar da ita waje ba. Suwaiba 'yarsa ce ta fari. Shi ya zaɓi sunan, ya raɗa wa liman ranar suna, daga nan bai ƙara furta shi ba, kamar yadda ya taso ya ga ana yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a zuba masa ido. In ta shigo zaure sai Nomau ya sami abin dubawa a ƙasa. Gari ya yi ta yabonsa, wai Nomau akwai kunya. Shekara ashirin da uku ta yi a duniya, ta yi aure a wani gari, zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta bara da kaka. Sai bayan sadakar arba'in, yana zaune yana huda ƙwarya, ya nemi fuskarta a ransa ya tarar babu. Mutumin da in ya hango ƙwarya a kan mai tallan nono zai gaya maka shekarar da ya ɗinke ta, shi ne ya kasa tuna 'yar cikinsa. Ya tambayi matarsa Iyatu da wa yarinyar ta yi kama. Iyatu, wadda ita ma kunyar ta yi, ta ce, "An ce da kai ta yi kama." Ya je ya leƙa randa. Wani dattijo mai kunnuwa kamar faifai ya gani, bai ƙaru da komai ba.

Ya dubi saniyar ya ce, "Ta ina ake zuwa?"

"Ta inda na fito."

Ya sa saniyar a aljihu, ya gyara ratayar burgaminsa mai basilla da zaren kaba, ya yi bismillah, ya kama matakan rijiya. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai wuya, ya rufe shi, sai ya ji ƙafarsa a busasshiyar ƙasa. Ashe rijiyoyin duniya duk a haɗe suke ta ƙasa. Ya ɗaga kai ya ga bakunansu birjik a sama, dubu bisa dubu, kowace tana zubo ɗan haskenta.

Bai yi nisa ba ya iske wata ƙofar dutse, a bakinta wani bijimi mai fukafukai, kansa na mutum, gemunsa a nannaɗe har ƙirji. Nomau ya ƙirga ƙafafunsa ya sami biyar, ya ga wannan ba huruminsa ba ne.

Bijimin ya ce, "Ya kai ɗan Adam, tsaya inda kake. Faɗi abin da hannunka ya taɓa ƙerawa."

Nomau ya yi tunani, ya sake tunani. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ban taɓa ƙera komai ba. Na wasu nake bi ina faci."

"Ko ludayi?"

"Na taɓa gwada ludayi. Matata ta mai da shi abin kwashe toka."

Bijimin ya nuna bango da fiffike. Mutane ne jere a jikin dutsen, an zana su ta gefe, kowa riƙe da kayan aikinsa. Ya ce, "Maƙera ne da masassaƙa da magina, casa'in da tara. Kowanne ya tsaya nan ya lissafa mini abin da ya ƙera, ga inda ya ƙare. Mai ƙira in ya ga fasasshe, sabo yake so ya yi. Mu ba sabo muke nema ba. Wuce."

Karo na farko ke nan a rayuwar Nomau da rashin abin faɗa ya buɗe masa ƙofa.

Bayan ƙofar wani kwari ne mai farar ƙasa, cike da giwaye. Ba ɗaya mai haure. A gefen kowane baki rami biyu ne, iska na shiga tana kuka. Suka kewaye shi, wata tsohuwa makauniya ta matso ta shinshina burgaminsa.

Ta ce, "Ina jin warin ƙarfe. Kai ne za ka je ka ɗinke haƙoranmu don wasu su kishingiɗa a kai?"

"Ni ne, uwar daji."

"'Ya'yana bakwai aka kashe don a yi wa gado ɗaya ado. Me zai hana in take ka?"

"Ba komai. Sai dai ko na bar su a fashe, ba za su komo bakinku ba. Gara a ce suna wuri ɗaya."

Giwar ta daɗe tana kaɗa kunne. Ta ce, "Ba mai ratsa kwarin nan da bakinsa cikakke. Za ka bar haƙori."

"Bakin nawa ai ya daɗe da daina cika. Saura goma sha tara, biyu na girgiɗi. Ki ɗauki ɗaya a cikin biyun, kin taimake ni."

"Mu ma masu kyan aka zaɓa."

Ta sa hanci ta fizge turmin da yake tauna goro da shi. Ya durƙushe yana tofar da jini, giwaye suka dāre suka ba shi hanya. Ba wadda ta yi dariya, shi ma bai ga laifinsu ba.

Ya yi ta tafiya har ya iso wani kogi da ba ruwa a cikinsa sai toka, tana gudu tana hayaƙi. Saniyar da ke aljihunsa ta ce tokar fadar Kalhu ce, tun ranar da aka ƙone ta ba ta huce ba. A bakin kogin, cikin furanni masu shuɗi da ja, wata zakanya ta danne wani mutum, ta rungumo wuyansa da hannu ɗaya kamar uwa da ɗanta, haƙoranta a maƙogwaronsa. Su duka biyun hauren giwa ne. Mutumin baƙi ne mai nannaɗaɗɗen gashi, in ka gan shi a kasuwar Tudun Maje ba za ka waiwaya ba. Tsagewa ta ratsa tsakaninsu, saura ƙiris su rabu.

Nomau ya ce, "Sannu, ɗan'uwa. Tun yaushe?"

Mutumin ya ce, "Tun ranar da masassaƙi ya ajiye wuƙarsa. Kullum tana gab da cizo, ba ta ciza ba."

Zakanyar ta yi magana ba tare da ta saki wuyan ba. "Ya kai mai basilla, ɗinke mu in ƙetarar da kai. In ka ƙi, ga kogi nan, ka gwada."

Nomau ya tsuguna ya duba tsagewar. Ya ga in an bar ta, wata rana za ta ƙarasa da kanta, zakanya ta faɗi gefe. In kuwa ya ɗinke, ya ɗaure mutumin nan a bakinta har abada, kuma ɗinkin Nomau, duk abin da za a ce da shi, ba ya warwarewa. Hannunsa ya ƙi shiga burgami.

Mutumin ya ce, "Duba da kyau ta inda ta bi. Wuyana a ɓangarenta yake. In mun rabu, da kaina za ta tafi. Ɗinka, ɗan'uwa. Na saba da numfashinta."

Ya ɗinka. Huda goma sha huɗu ya yi, yana yi yana ba da haƙuri. Da ya ƙulle zare, zakanyar ta miƙa wutsiyarta ta zama gada, ya bi ta kai yana jin zafin toka a tafin ƙafa. Bai waiwaya ba.

Hayin kogin shi ne Kalhu, birnin sarakunan Ashur na dā, ko kuwa abin da ya nutse daga cikinsa. Abin da Nomau ya fara lura da shi, kowa a tsaye yake. Aljanu ne dubbai, dogaye, masu dogayen riguna da tuntaye, a tsakar fada da soraye da matakala, ba mai zama, ba mai jingina. Ƙafafunsu sun kumbura kamar turame. A tsakiyarsu wata doguwar aljana mai furfura har gadon baya, ita ce Mai Gado.

Ta ce, "Maraba da gyartai. Da na ce ka zauna, amma za ka ga halin da muke ciki."

Ta ba shi labari a gajarce. Kowannensu an ba shi tsaron wata kujera ne, ko gado, ko matashin ƙafa na fadar, kuma aljanin fada ba ya zama sai a kan abin da yake tsaro. Kayan na katako ne, an lulluɓe su da sassaƙen hauren giwa da zinariya. Da maƙiya suka ci birnin, suka ɓamɓare zinariyar, suka cinna wa katakon wuta, hauren kuma da ba su ga amfaninsa ba suka watsa a rijiyoyi.

"Shekara dubu biyu da ɗari shida muna tsaye, muna tsince shi daga laka ɗaya bayan ɗaya. Katako ba ya tsiro a nan, ƙarfe kuma ba ma iya taɓa shi. Haɗa mana gadona kawai. In na zauna, an yafe wa sauran su zauna a ƙasa."

Suka kai shi wani ɗaki da aka tara hauren cikin kwatanniyoyin ruwa, don in ya bushe rugurgujewa yake yi. Wani fari, wani wuta ta mai da shi baƙi wuluk, duk ya yi laushi kamar cuku. Ga barewa na kiwo, ga zakuna masu fukafukai da fuskar mata, ga mutane riƙe da reshen wata bishiya da bai taɓa gani ba. Gutsure ya fi dubu. Nomau ya ce a ransa, turmin goro dai ya tafi a banza.

Sai ya yi abin da yake yi wa kowace ƙwarya, ya kifa gutsure ɗaya ya dubi bayansa. Ya ga wata 'yar alama da aka karta da tsinin wuƙa. Ya kifa wani, ga irinta. Ashe masassaƙan sun sa wa kowane yanki shaida a baya, don mai haɗawa ya san maƙwabcinsa. Aljanu sun shekara dubbai suna kallon adon, ba wanda ya taɓa tunanin juya shi, don su ba su taɓa yin aiki ba. Nomau ko a makarantar allo bai yi nisa ba, amma ya san mai kama da ƙafar kaza ta bi mai kama da ƙafar kaza.

Ya zauna, ya tuna, ya miƙe da sauri, don bai ga fuskar zama a gaban mutanen nan ba. A tsaye ya yi aikin. Yana huda a hankali, yana zura kaba, yana ja daidai yadda haure zai ɗauka. A hankali ya fara sanin masu sassaƙar ta bayan aikinsu. Akwai wani bahago. Akwai wani da wuƙa ta taɓa kuɓuce masa a wuyan barewa, ya mai da wurin ganye. Akwai mai gaggawa, da alama ana tsaye a kansa. Ba wanda ya rubuta sunansa. Nomau ya riƙa gaishe su in ya ci karo da hannunsu, ya ce, "Sannu da aiki, bahago." Saniyar da ta kira shi ma ya sami gurbinta a ƙafar gado, ya ɗinke ta, ta koma lasar ɗanta ba ta ƙara magana ba.

Kwana arba'in ya yi. Yanki na ƙarshe shi ne na kan gado: fuskar wata mace tana leƙowa ta taga, ƙarƙashinta 'yan ginshiƙai huɗu, idanunta a buɗe tar suna kallon duk mai kallonta. Ta tsage gida biyu ta tsakiyar goshi. Bai yarda ya huda fuskar ba. Ta baya ya bi, ya ɓoye zaren, aikin da bai taɓa yi wa ƙwaryar kowa ba.

Gado ya tsaya da ƙafafunsa, ba ƙusa ba katako, sai haure da kaba. Mai Gado ta matso, ta dafa, ta lanƙwasa gwiwa a hankali kamar mai koyon abin, ta zauna. Sai birnin gaba ɗaya ya zube ƙasa. Ajiyar zuciyar da suka yi ta kaɗa ruwan rijiyoyi har sama.

Da ta share hawaye ta ce, "Ya kai gyartai, ka cika, saura mu. Ka sani matattu na Allah ne, ba ma tayar da su. Amma duk wanda ya taɓa leƙa rijiya ya bar kamanninsa da halinsa a ruwan, rijiya kuma ba ta mantuwa. In rana ta tsaya tsaka, haske zai sauko kan tagar nan. Muddin yana kanta, 'yarka na nan. Sau ɗaya ake yi wa mutum."

Ya tsaya gaban tagar. Ya goge idanu da bakin riga, ya sake gogewa. Haske ya gangaro ta bakin wata rijiya, ya sauka kan hauren. Fuskar matar ta narke kamar man shanu, taga ta buɗe ta yi faɗin ƙofa.

Tsakar wani gida ne. Wata mace ta ba shi baya, ta sunkuya bakin rijiya tana jan guga, tana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa. Bai taɓa sanin tana waƙa ba.

Ya buɗe baki, sunan ya maƙale. Ya yi shekara ashirin da huɗu a ajiye, ya yi tsatsa. Da ƙyar ya fito.

"Suwaiba."

Ta dakata, ta kasa kunne, sai ta ci gaba da jan igiya.

"Suwaiba!"

Ba ta juyo ba. Ta ɗaga murya wajen katangar maƙwabta ta ce, "Wai wa ke kira ne? Ina zuwa, hannuna da guga!"

Ba ta san sunanta a wannan murya ba. Haske ya ci rabin taga. Nomau ya rasa dabara, sai ya yi gyaran murya irin wadda yakan yi in zai shiga gida, ya ce, "Ke."

Igiya ta suɓuce, guga ya faɗa ruwa. Ta juyo da sauri, amma kafin juyowar ta ƙarasa ta riga ta ja mayafi, ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Na'am, Baba. Sannu da zuwa. In kawo ruwa?"

"Bar ruwan. Ɗago kanki."

Ta ce, "Wani laifi na yi, Baba?"

"Ba ki yi komai ba. Ɗago ki dube ni."

Ta yi 'yar dariyar jin nauyi, ta ƙara sunkuyawa, tana wasa da bakin mayafi. "Kai, Baba. Ai ba kyau."

"Ni na ce. Na yarda. Don Allah."

"Ban iya ba, Baba."

Ya tsuguna don ya leƙo ta ƙasa, ta kawar da kai gefe, da ladabi, yadda ba zai ji haushi ba. Ya waiwayi Mai Gado ya ce, "Ranki ya daɗe, ki umarce ta."

Mai Gado ta ce, "Yadda ta leƙa rijiya haka rijiya ta riƙe ta. Ba mu muka koya mata ba."

Saura haske faɗin yatsa biyu. Nomau ya dubi mayafin, shuɗi ne mai ɗigon fari, an yi masa faci a gefe da ɗinki mai kyau, ƙanana, a jere. Ya ga ba sauran lokacin roƙo.

Ya ce, "Sunan nan, ni na zaɓa miki."

Hannunta ya daina wasa da mayafin. Ta ce, "Na sani, Baba. Kaka ta gaya mini. Ta ce kwana uku ka yi kana zaɓe." Ta ƙara da cewa, "Ina son shi."

Haske ya sauka daga kan taga. Tsakar gida ta tsuke, ta koma tafin hannu, ta daskare. Matar hauren giwa ta dawo gurbinta, baƙuwa, idanunta tar a kansa, ko ƙiftawa ba ta yi.

Mai Gado ta matsa gefe ta ce, "Zo ka zauna, gyartai. Ba ɗan Adam da ya taɓa hawa gadon nan in ba sarki ba."

Ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe. Bari dai in ɗan tsaya, ko za ta ɗago."

A duk faɗin Kalhu shi kaɗai ne a tsaye. Aljanun sun san ba za ta ɗago ba, amma sun san tsayuwa, don haka ba wanda ya ce da shi ya isa.